Sabar da ke kan Raspberry Pi ba ta tashi da kanta bayan wuta ta dawo

Ɗan Burtsatse:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana a kan wata matsala da na kwashe mako uku ina fama da ita. Na dasa ƙaramar na'ura, Raspberry Pi 4, a wata rijiyar burtsatse mai aiki da sola a ƙauyenmu. Aikinta shi ne ta riƙa karanta bayanai daga kwanturolar caji ta wayar USB, sannan ta nuna su a wani ɗan shafi da na rubuta da Python da Flask, domin mai kula da rijiyar ya buɗe a wayarsa ya ga ƙarfin batir da awannin da famfo ya yi yana aiki. Idan na shiga na'urar na kunna manhajar da hannuna, komai yana tafiya lafiya lau. Amma a ranakun hadari ko na hazo batir yakan ƙare kafin asuba, na'urar ta mutu, idan rana ta ɗaga ta tashi da kanta, sabar kuwa, wato manhajar da ke nuna shafin, ta ƙi tashi. Na saka umarnin kunna ta a cikin fayil ɗin /etc/rc.local, wanda na'urar ke gudanarwa idan ta tashi, wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci ta ƙi, kuma na rasa gane abin da ke bambanta ranakun. Tsakanina da ƙauyen tafiyar awa biyu ce a mota, don haka ba zai yiwu in riƙa zuwa kowace safiya ina kunna ta ba. Raspberry Pi OS ce a kai, wadda aka gina a kan Debian 12.

Dattijon Unix:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin kowa ya ba ka magani, ya kamata a san ciwon. Ka kawo mana ainihin layin da ka rubuta a cikin fayil ɗin, harafi da harafi, sannan ka faɗa mana a wane adireshi manhajar take sauraro, wato abin da ka rubuta a gaban host a wurin da kake kunna Flask. Akwai kuma tambayar da na fi so ka amsa da natsuwa: ranakun da ta tashi, shin kai ne ka sake kunna na'urar da umarni, ko kuwa wuta ce ta ɗauke ta dawo? Abin da yake aiki yau ya ƙi gobe ba tare da an taɓa shi ba, galibi tsere ne tsakanin abubuwa biyu da ke tashi lokaci guda, wanda ya riga shi ke yanke hukunci.

Ɗan Burtsatse:
Na gode Baba. Layin shi ne /home/rijiya/sabar/venv/bin/python /home/rijiya/sabar/app.py tare da alamar & a ƙarshe, kuma yana sama da exit 0. Adireshin da na ba ta shi ne 192.168.1.50, wanda na keɓe wa na'urar a cikin rauta domin kada ya riƙa canzawa. Game da tambayarku ta ƙarshe, sai da kuka yi ta na lura cewa duk gwajin da na yi da sudo reboot ya yi nasara, ban taɓa ganin ya gaza ba. Gazawar tana zuwa ne kawai da safe bayan batir ya mutu. Rautar da na'urar duk a kan batir ɗaya suke.

Malama Mai Linux:
To Malam, ka amsa tambayarka da bakinka. Idan ka buga sudo reboot, rauta tana kunne tun tuni, na'urar tana tashi ta nemi adireshi a ba ta nan take, manhajarka ta zo ta tarar da 192.168.1.50 a shirye. Idan kuwa wuta ce ta dawo, su biyun suna tashi tare, kuma yawancin ƙananan rautoci, musamman masu ɗaukar layin waya, sun fi Raspberry Pi jinkirin shiryawa. Manhajarka tana zuwa ta nemi ta riƙe adireshin da ba a ba na'urar ba tukuna, Linux ya hana ta da kuskure mai lamba 99, wanda saƙonsa ke cewa Cannot assign requested address, sai ta mutu. Fayil ɗin rc.local kuma sau ɗaya yake gudana a kowane tashi, ba ya komawa ya duba ko abin da ya kunna yana raye. Gyara mafi sauƙi shi ne ka canza adireshin zuwa 0.0.0.0, wanda ke nufin ta saurara a kan duk adireshin da na'urar take da shi yanzu da wanda za ta samu daga baya. Da wannan kaɗai matsalar safiya za ta kau. Sai dai ina ba ka shawara ka bar rc.local gaba ɗaya, domin duk ranar da manhajar ta faɗi da tsakar rana saboda wani dalili na daban, za ka koma gidan jiya.

Injiniyan Sola:
Malama ta gano ciwon, babu ja a wannan. Amma ni a ganina ba sai an tsawaita ba. Na dasa irin waɗannan na'urori a wurare da dama, kuma abin da nake yi shi ne in buɗe crontab -e, wato jadawalin cron mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, in rubuta @reboot sleep 60 sannan umarnin kunna manhajar ya biyo baya. Na'urar tana jira minti ɗaya, kafin nan rauta ta gama shiryawa, komai ya tafi daidai. Layi ɗaya ne, ko wanda bai san Linux sosai ba zai karanta shi ya gane. Mu da muke aiki a karkara muna daraja abin da yaron shago zai iya gyarawa idan ka kwatanta masa ta waya.

Malama Mai Linux:
Injiniya, ina girmama gogewarka a filin aiki, amma daƙiƙa 60 ɗin nan hasashe ne, ba sani ba. Ranar da rauta ta ɗauki daƙiƙa 70 saboda layi ya yi rauni, an koma ruwa. Kuma cron, kamar rc.local, yana kunnawa ne ya juya baya. Ban da haka, PATH ɗin da cron ke ba umarni, wato jerin foldojin da ake neman manhajoji a ciki, gajere ne, /usr/bin da /bin kawai, shi ya sa mutane da yawa suke mamakin abin da ke aiki a tagar umarni amma ya ƙi aiki a can.

Tun Debian 8, wadda ta fito a 2015, systemd, manhajar da ke kunna sauran manhajoji tana kula da su, ita ce ke tada tsarin, kuma Raspberry Pi OS ta bi sahu. Ma'ana yana nan a cikin na'urarka Malam, ba sai ka sauke komai ba. Ka ƙirƙiri fayil mai suna /etc/systemd/system/rijiya.service. Sassa uku gare shi, Unit da Service da Install, kuma ana rubuta sunan kowane sashe a layinsa cikin baka mai kusurwa. A sashen Unit ka rubuta Description da ɗan bayanin da za ka gane, sannan Wants=network-online.target da After=network-online.target, domin manhajar ta jira na'urar ta haɗu da rauta. Dole a haɗa su biyun, domin After tsarin jeri kawai yake faɗa, Wants ne ke jawo abin ya gudana. A sashen Service ka rubuta User=rijiya, da WorkingDirectory=/home/rijiya/sabar, da ExecStart tare da cikakken layin nan naka amma ba tare da alamar & ba, domin systemd yana son manhajar ta tsaya a gabansa ya riƙa kallonta. Ka ƙara Restart=always da RestartSec=5, sannan Environment=PYTHONUNBUFFERED=1 domin saƙonnin Python su riƙa fitowa a rajista nan take. A sashen Install layi ɗaya ne, WantedBy=multi-user.target.

Bayan ka adana, ka buga sudo systemctl daemon-reload, sannan sudo systemctl enable --now rijiya. Kalmar enable ce ke sa ta tashi a kowane kunnawa, ita kuma now ke tada ta yanzu. Da yawa suna buga start kawai su ga tana aiki su tafi gida, washegari su ce systemd ya ci amanarsu. Kada ka manta ka cire tsohon layin daga rc.local, in ba haka ba kwafi biyu za su yi rigima a kan ƙofa mai lamba 5000, inda Flask ke sauraro.

RestartSec=5 ɗin nan ba ado ba ne. Idan ba ka rubuta shi ba, systemd yana sake kunnawa bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma yana da iyaka ta asali: idan aka kunna manhaja fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, sai ya haƙura ya bar ta a mace. Tazarar daƙiƙa 5 tana hana ka faɗawa wannan ramin, ya ci gaba da gwadawa har abin da ake jira ya iso.

Dattijon Unix:
Na yi shekaru ina rubuta fayilolin /etc/init.d da hannu, kuma ina cikin waɗanda suka yi gunaguni lokacin da systemd ya zo, amma a wannan gaɓar Malama ce ke da gaskiya. Abin da nake so ɗana ya riƙe shi ne cewa tunanin kula da manhaja a tashe ta idan ta faɗi ba systemd ya ƙirƙiro shi ba, tun zamanin da akwai kalmar respawn a cikin /etc/inittab. Ina faɗar haka ne domin ba kowace ƙaramar na'ura ke da systemd ba. Idan wata rana ka gina tsarinka da Buildroot domin allo mai ƙaramin memori, za ka tarar da init na BusyBox, wanda ke bin fayilolin /etc/init.d masu farawa da harafin S da lamba biyu, ɗaya bayan ɗaya bisa jerin lambobin. A can za ka iya rubuta S99rijiya, amma shi ma sau ɗaya yake gudana. Idan kana son kulawa, sai ka saka layin ::respawn: da sunan manhajar a cikin inittab. Kayan aikin sun bambanta, tambayoyin kuwa ba sa canzawa: me ya kamata ya rigaye ta tashi, da sunan wa za ta gudana, wa zai tashe ta idan ta faɗi, kuma ina saƙonninta suke zuwa.

Akwai inda na ɗan saɓa wa Malama. Tun da za a koma 0.0.0.0, ban ga amfanin jiran network-online ba, jinkiri kawai zai ƙara wa tashin na'urar a ranar da rauta ta lalace, alhali karatun batir bai dogara da rauta ba.

Malama Mai Linux:
Gaskiya ne Baba, na karɓi gyara. Idan manhajar ba ta aika komai waje a lokacin tashi, ya cire layukan biyu. Na saba rubuta su ne domin sabobin da ke neman wata kwamfuta da zarar sun tashi.

Ɗan Damagaram:
Sallama daga Nijar. Ina biye da muhawarar, kuma ina so in ƙara a kan maganar Baba, domin mu a nan mun fi aiki da rautoci masu ɗauke da OpenWrt, wani tsarin Linux na rautoci. Shi ba systemd yake amfani da shi ba, nasa sunansa procd. Ana rubuta fayil a /etc/init.d wanda layinsa na farko yake kiran /etc/rc.common, a sa START=95 domin ya zo kusa da ƙarshe, a sa USE_PROCD=1, sannan a cikin start_service a faɗi umarnin da procd_set_param command, a ƙara procd_set_param respawn domin ya riƙa tashinta. Daga nan a buga sunan fayil ɗin tare da enable. Na kawo wannan ne saboda wanda aikinsa ƙarami ne ƙwarai yana iya ɗora shi a kan rautar kanta idan tana da ƙofar USB, ya rage na'ura ɗaya a kan batir. Amma Python da Flask sun yi wa yawancin ƙananan rautoci nauyi, don haka ɗan uwa ya tsaya a kan Raspberry Pi ɗinsa.

Ɗan Burtsatse:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na je ƙauyen na yi yadda Malama ta ce. Da farko systemctl status ya nuna mini 203/EXEC, alamar an kasa gudanar da umarnin, na duba na ga na rubuta vnev maimakon venv, na gyara. Yanzu manhajar tana tashi, amma tana faɗuwa bayan daƙiƙa ɗaya, systemd ya sake tashinta, ta sake faɗuwa. Da na buga journalctl -u rijiya -b sai na ga tana cewa an hana ta izinin buɗe /dev/ttyUSB0. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a ƙarƙashin rc.local ba ta taɓa yin wannan ƙorafin ba. Na yi tunanin in cire layin User in bar ta ta gudana a matsayin root, amma na ce bari in tambaya tukuna.

Malama Mai Linux:
Madalla da ka tambaya kafin ka cire. Dalilin da ya sa ba ka ga ƙorafin a da ba shi ne rc.local yana gudanar da komai a matsayin root, wanda ba a hana shi komai. Sabar da kowa a kan Wi-Fi zai iya taɓawa bai kamata ta riƙe wannan ikon ba, domin kuskure ɗaya a cikin manhajarka zai miƙa na'urar gaba ɗaya ga wanda ya gano shi. A Debian, ƙofofin siriyal mallakar rukunin dialout ne, don haka ka ƙara SupplementaryGroups=dialout a sashen Service, ka sake daemon-reload da restart. Sannan ka daina kiran na'urar da sunan ttyUSB0, domin lambar tana bin wanda aka fara ganowa ne, ranar da wani ya soka wata waya tana iya zama ttyUSB1. Ka duba cikin /dev/serial/by-id za ka ga suna mai tsawo da ba ya canzawa, shi za ka rubuta a cikin manhajar. Ka kuma lura da abin da ya faru: ka gano kuskure biyu cikin mintuna saboda akwai rajistar da ta faɗa maka, alhali ka yi mako uku kana lalube a duhu. Idan ka samu sarari, ka maye gurbin sabar gwaji ta Flask da gunicorn ko waitress, domin masu Flask da kansu sun ce ba a yi ta don aikin dindindin ba.

Injiniyan Sola:
To, na sallama a batun cron, zan gwada hanyar Malama a aikina na gaba. Amma akwai abin da ya fi damuna tun saƙon farko, kuma babu fayil ɗin systemd da zai magance shi. Ɗan uwa ya ce batir yana mutuwa kusan kowane dare na hazo. Wannan yana nufin ana yanke wa na'urar wuta ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba, kuma katin memori ba ya jure haka har abada. Idan aka yanke wuta yana tsakiyar rubutu, wata rana na'urar ba za ta tashi ba sam, balle sabar. Mafi muni shi ne lokacin fitowar rana, inda ƙarfin batir yake ɗan hawa, kwanturola ta saki wuta, kaya su ja, ƙarfin ya faɗi, ta sake yankewa, a yi ta haka na'urar tana tashi tana mutuwa. Ka duba saitin kwanturolarka ka tabbata akwai tazara mai kyau tsakanin matakin da take yanke wuta da matakin da take mayarwa. Raspberry Pi 4 tana buƙatar bolt 5 da amfiya 3, kuma idan ka buga vcgencmd get_throttled ka ga wani abu ban da 0x0, to ko dai na'urar tana yin zafi, ko wutar tana yin ƙasa a wasu lokuta, galibi saboda siririyar waya ko abin rage wuta maras inganci. A cikin raspi-config akwai zaɓin da ke mayar da katin na karatu kawai, duk rubutu ya tafi memorin wucin gadi. Yana kare katin sosai, amma duk abin da aka rubuta yana ɓacewa idan ta mutu, don haka bayanan famfo sai a ajiye su a filashi na daban. Kuma tun da manhajarka tana ganin ƙarfin batir, me zai hana ka sa na'urar ta daina rubutu idan ƙarfin ya kusa matakin yankewa?

Dattijon Unix:
Idan ka bi shawarar Injiniya ta filashi, ka sa nofail a layinsa cikin /etc/fstab domin kada na'urar ta tsaya cak ranar da aka zare shi, sannan ka ƙara RequiresMountsFor da hanyar foldar a sashen Unit domin kada sabar ta riga shi tashi. Akwai kuma batun agogo. Raspberry Pi 4 ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya idan babu wuta, sai a Raspberry Pi 5 ta 2023 aka saka shi. Idan ta tashi babu intanet, tana ci gaba ne daga lokaci na ƙarshe da ta ajiye, don haka karatun safiya zai iya ɗaukar lokacin daren jiya, lissafin awannin famfo ya rikice.

Ɗan Burtsatse:
Ina sanar da ku cewa na ƙara rukunin dialout, na koma sunan da ke cikin by-id, na kuma canza adireshin zuwa 0.0.0.0. Wannan karon ban yi gwaji da sudo reboot ba, na zare wutar rauta da ta na'urar tare na mayar, har sau shida, kuma kowane karo shafin ya buɗe a wayata da zarar Wi-Fi ya dawo. Na kuma kashe manhajar da gangan, bayan daƙiƙa 5 ta dawo da kanta. Umarnin Injiniya ya nuna 0x50000, na canza wayar USB zuwa gajera mai kauri, bayan sake kunnawa ya koma 0x0. Maganar Baba ta agogo ma ta tabbata, domin na ga karatun jiya da safe ɗauke da lokacin ƙarfe uku na dare, ranar da data ta ƙare a rautar. Wane agogo kuke ba ni shawara in saya kafin in koma ranar Asabar?

Injiniyan Sola:
Ka nemi DS3231, ana haɗa shi ta layin I2C, sannan ka rubuta dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a cikin /boot/firmware/config.txt ka sake kunna na'urar. Ka duba allon da kyau kafin ka saka masa batir, domin wasu an yi su da da'irar caji da aka tanada wa batirin LIR2032 mai caji, kuma CR2032 da ake samu a kasuwa ba na caji ba ne. Idan irin wannan allon ka samu, ko dai ka nemi batirin da ya dace da shi, ko ka cire ƙaramin rizistan da ke kan hanyar cajin kafin ka rufe akwatin.